Mudun Landan a Kasuwar Kano: Tsokaci kan Kwatanta Ofisoshin Lauyoyin Mallakar Fasaha a Nijeriya

Kowace shekara wasu kamfanonin ɗab'i da ke Landan sukan fitar da jerin sunayen ofisoshin lauyoyin da suke ganin sun yi fice a ƙasashen duniya, fanni bayan fanni. Fitattu daga cikinsu su ne Chambers and Partners da Legal 500, sai kuma waɗanda suka keɓanta da mallakar fasaha kawai, wato WTR 1000 da IP Stars. Duk wanda ya buɗe shafin Nijeriya a waɗannan kundaye zai riƙa cin karo da sunaye kusan iri ɗaya: Jackson, Etti & Edu; Aluko & Oyebode; Banwo & Ighodalo; G. O. Sodipo & Co; Stillwaters, da wasu 'yan kaɗan. Dukkansu hedkwatarsu tana Legas. Babu wani dalilin shakkar ƙwarewar waɗannan ofisoshi a aikin da aka auna su da shi. Abin da ya cancanci tsokaci shi ne mudun da aka yi awon da shi, domin an sassaƙa shi ne don wata haja daban da wadda marubucin Hausa, da mawaƙi, da mai shirya fim, da magadansu suke ɗauke da ita. Wanda ya ɗauki jerin ya tafi neman lauya a kan littafinsa da aka sace, ko waƙar mahaifinsa da ake cin kasuwarta a intanet, zai iya ƙarewa a ƙofar ofishi mai daraja wanda ba a gina shi don matsalarsa ba.

Kundayen sun yi nauyi a Nijeriya saboda wani dalili na cikin gida. Ƙa'idojin aikin lauya na ƙasar sun taƙaita talla matuƙa. Ƙa'ida ta 39 a kundin 2007 ta hana lauya yin tallan da zai kwatanta kansa da wasu lauyoyi ko ya kushe su, ta kuma hana shi faɗin ingancin aikinsa, ko girman ofishinsa, ko yawan shari'un da ya ci. Tunda lauya ba shi da bakin cewa ya fi wane, sai hukuncin wani na waje ya zama shi ne tallan da ya halatta. Shi ya sa ake ganin tambarin waɗannan kundaye a shafukan ofisoshin da ƙasan wasiƙunsu.

Yadda ake haɗa jerin ba boyayye ba ne. Ofishin lauyoyi ne da kansa yake aika taƙaitaccen bayanin manyan ayyukan da ya yi a shekarar, tare da sunayen abokan hulɗarsa da ya yarda a tuntuɓa. Ma'aikatan kundin sai su tattauna da waɗannan mutane da kuma wasu lauyoyin fannin, daga nan su rarraba ofisoshin zuwa hawa-hawa. Tsarin yana da tsafta gwargwadon hali, amma yana tankaɗe mutane tun daga bakin ƙofa. Ofishin da ba shi da ma'aikacin da zai zauna ya cika takardun da Ingilishi irin na 'yan kasuwar Landan ba zai shiga ba. Abokin hulɗar da ake jin maganarsa kuwa galibi shugaban sashen shari'a ne na wani kamfanin magani, ko na lemon kwalba, ko na sadarwa, ko kuma lauyan Turai da yake turo aikin rajista zuwa Nijeriya. Marubuciyar da take sayar da littafinta babi-babi ta WhatsApp daga Gusau ba ta cikin waɗanda za a kira a tambaya.

Aikin da mudun yake aunawa

Mafi yawan abin da ake kira aikin mallakar fasaha a manyan ofisoshin Legas ya rataya ne a kan dokoki biyu: Dokar Alamun Kasuwanci ta 1965 da Dokar Ƙirƙire-ƙirƙire da Zane-zanen Masana'antu ta 1970. Duka biyun a rajista suke tafiya, rajistar kuma tana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Alamar kasuwanci tana samun shekara 7 a karon farko, sannan a riƙa sabunta ta duk bayan shekara 14. Takardar ƙirƙira tana ɗaukar shekara 20, ana kuma bayar da ita ba tare da an zurfafa binciken ko abin sabo ne da gaske ba, sai in rigima ta taso kotu ta duba. Kamfanin waje da yake son kare sunansa a kasuwar Nijeriya dole ya bi ta hannun wakili na cikin gida. Wannan shi ne tuwon yau da gobe na ofisoshin: bincike a rajista, shigar da takarda, ƙalubalantar alamar da ta yi kama da ta abokin hulɗa, sabuntawa kafin wa'adi ya cika, sai kuma farautar jabun kaya tare da jami'an kwastan da na NAFDAC da 'yan sanda.

Aiki ne mai wuya, kuma wanda ya iya shi ya cancanci yabo. Shari'ar Ferodo da Ibeto, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2004, ta isa misali. Kamfanin birkin mota na Ingila ya yi ƙarar kamfanin Nijeriya a kan kamannin kwalin kaya, kotu kuma ta ce abin da aka yi wa rajista shi ne sunan, launuka da adon kwalin ba su shiga ciki ba. Darasin da lauyoyi suka ɗauka shi ne yadda aka tsara takardar rajista tun farko yana iya yanke hukuncin shari'ar da za a yi bayan shekaru masu yawa. Ofishin da ya ƙware a irin wannan lissafi shi ne ya dace da mai masana'antar taliya ko sabulu a Sharaɗa ko Bompai, kuma a nan jerin Landan yana da amfani ƙwarai.

Ko a cikin wannan fili ma ofisoshin ba ɗaya suke ba, jerin kuma ba ya fito da bambancin sosai. Akwai manyan ofisoshin kasuwanci irin su Aluko & Oyebode da Banwo & Ighodalo, inda mallakar fasaha sashe ɗaya ne a cikin sassa da dama, kusa da na banki da na man fetur da na haraji. Ƙarfinsu shi ne yawan hannu: idan ciniki ya haɗa da sayen kamfani da alamunsa da bashinsa, a gida ɗaya za a gama. Akwai kuma waɗanda sunansu ya fi tafiya da fannin kansa, kamar G. O. Sodipo & Co, wanda Farfesa Bankole Sodipo na cikinsa ya wallafa littafi a kan satar fasaha da jabun kaya tun 1997. Sai kuma ofisoshin da suke kallon Afirka gaba ɗaya daga waje, irin su Adams & Adams da Spoor & Fisher na Afirka ta Kudu, waɗanda suke karɓar aikin rajista na ƙasashe da yawa a dunƙule su rarraba wa wakilai. Girma yana da nasa tsadar da ba a cika faɗa ba. Ofishin da yake wakiltar kamfanin sadarwa ko tashar talabijin ba zai karɓi ƙarar mawaƙin da yake son gurfanar da wannan kamfani ba, domin ƙa'idar aiki ta hana lauya tsayawa ɓangare biyu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka hawan da ofishi ya kai a jerin yana iya zama daidai gwargwadon yawan ƙofofin da ya rufe wa ƙaramin mai ƙara.

Hajar da ba ta shiga mudun

Dukiyar fasahar Hausa kusan dukkanta a ƙarƙashin haƙƙin mallaka take, shi kuwa wannan haƙƙi ba ya jiran rajista. Da zarar an ƙagi aiki an kuma adana shi a wani mazubi, takarda ce ko faifai ko waya, doka ta kare shi. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana da tsarin shigar da ayyuka a kundinta, wanda yake taimakawa wajen kafa hujja, amma rashin shigarwa ba ya zubar da haƙƙi. Wannan kaɗai ya sauya irin lauyan da ake bukata. Ƙwarewa a layin rajistar Abuja ba ta da wani tasiri a nan. Abin da yake aiki shi ne iya rubuta yarjejeniya, da iya tattara hujja, da sanin wane ne ainihin mai abin.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin wadda ta samo asali daga 1988. Ta bar wa'adin ayyukan adabi da na kiɗa a shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai aikin ya rasu, fim da sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Ta kawo tanadin sanar da masu shafukan intanet su sauke abin da aka ɗora ba da izini ba. Ta kuma riƙe tsohon sharaɗin nan mai muhimmanci: sayar da haƙƙi ko bayar da keɓantaccen izini ba ya inganta sai a rubuce. Duk wanda ya san yadda aka yi ciniki a Ƙofar Wambai da Bata a zamanin kaset da faifan CD, da yadda marubutan littattafan soyayya suka riƙa miƙa wa 'yan kasuwa rubutunsu a kan amana da shaidar baki, zai gane girman abin da wannan sharaɗi yake nufi. Akwai cinikayya masu yawa da jama'a suka ɗauka an gama, alhali a idon doka haƙƙin bai taɓa barin hannun mai shi na farko ba.

Waƙoƙin Alhaji Mamman Shata sun isa a gwada kowane ofishi da su. Shata ya rasu a 1999, don haka bisa lissafin dokar yanzu baitocinsa da karinsa suna cikin kariya har ƙarshen 2069. Amma waƙa ɗaya tana ɗauke da haƙƙoƙi fiye da ɗaya. Akwai na wanda ya ƙagi waƙar, akwai na sautin da aka ɗauka, akwai na masu aiwatarwa, wato shi da makaɗansa da 'yan amshinsa. Sautin kuma an ɗauke shi a wurare mabambanta: wani a ɗakin ɗaukar faifai, wani a gidan rediyo, wani a filin biki da rikodar wani mai sha'awa, wani a hannun manazarta na jami'a. Wanda ya mallaki kowane ɗauka ya danganta da wanda ya shirya ta, da abin da aka yi yarjejeniya a kai, da dokar da take aiki a lokacin, domin rayuwar waƙar Shata ta ratsa zamanin dokar Ingila ta 1911, da dokar 1970, da ta 1988. Mawaƙin baka kuma ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Yakan ƙara ɗiya, ya sauya sunan wanda ake yabo, ya tsawaita ko ya gajarta gwargwadon taro. Wace rerawa ce aikin da doka ta kare, wacce ce kwafinta? Lauyan da bai taɓa zama ya saurari rerawa uku na waƙa ɗaya ba, ba zai ma san akwai wannan tambaya ba, har sai lauyan ɗaya ɓangaren ya jefo masa ita a gaban alƙali.

Daga nan sai batun gado. Doka ta ɗauki haƙƙin mallaka a matsayin dukiya mai motsi da ake gada. A fiƙihu ma an daɗe da wuce muhawarar: Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci dukiya ce da shari'a take karewa. To amma rabon gadon Musulmi a Arewa a kotun shari'ar Musulunci ake yin sa, ƙarar keta haƙƙin mallaka kuwa, bisa sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999, Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai take da hurumin saurarenta. Mawaƙin da ya bar mata da 'ya'ya masu yawa ya bar haƙƙi guda a hannun magada masu yawa, kowa da kasonsa. Wa zai sa hannu a kan izini? Wa yake da tsayuwar shigar da ƙara? Idan ɗa ɗaya ya sayar wa mai tashar YouTube waƙoƙin ba da sanin sauran ba, mene ne matsayin cinikin? Sau da yawa ma ba a lissafa waƙoƙi da littattafai a cikin dukiyar mamaci ranar rabo, ana tsayawa a gida da gona da mota. Ofishin da zai warware wannan ƙulli sai ya san ilimin gado kamar yadda ya san Dokar 2022, kuma babu wani gurbi a takardun Landan da ake tambayar wannan haɗin.

Harshe a matsayin hujja

Harshen Babbar Kotun Tarayya Ingilishi ne, duk takardar da aka rubuta da wani harshe kuma sai an fassara ta kafin alƙali ya yi aiki da ita. A shari'ar fili ko bashi wannan ƙaramin al'amari ne. A shari'ar satar adabi kuwa harshen shi ne abin da ake rigima a kansa. Doka ba ta kare jigo, tana kare yadda aka furta shi ne, kuma mai ƙara sai ya nuna an ɗebi wani yanki mai nauyi na aikinsa. A ɗauka marubuta biyu sun rubuta labarin auren dole, da kishiya, da uwar miji. Wannan jigo na kowa ne, babu mai shi. Satar tana bayyana ne a zubin jimla, da karin maganar da aka murɗa ta wata hanya ta musamman, da salon zancen wani tauraro, da jerin aukuwar da ba dole ne labari ya bi ba. Fassara zuwa Ingilishi takan goge waɗannan alamu, ta mayar da jimloli biyu mabambanta su zama ɗaya, ko ta raba biyun da suke ɗaya. Lauyan da ba ya karanta Hausa ya dogara kenan ga tafinta wajen gane ko yana da ƙara ma tukuna.

A waƙa lamarin ya fi tsauri. Dokar ta keɓe wani babi ga fasahar gargajiya, irin su tatsuniyoyi da kacici-kacici da waƙoƙin jama'a da raye-raye, ta kuma damƙa ikon ba da izinin cin kasuwarsu a hannun Hukumar. Don haka duk wanda aka yi ƙara a kan ɗaukar amshin wata waƙa yana da mafaka a shirye: zai ce amshin na gaɗa ne ko na daɓe, ko kirari ne da aka gada, mai ƙarar ma tsinta ya yi. Raba abin da mawaƙi ya ƙaga da abin da ya tarar aiki ne na wanda ya san tarihin waƙar baka, ya san rumbunan sauti, ya iya nuna cewa an ji wannan amshi a bakin 'yan mata shekaru kafin a haifi mai ƙara, ko kuma ba a taɓa jin sa ba sai daga gare shi. Masu wannan sani suna sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina. Ofishin lauyoyin da ya san hanyar zuwa wurinsu, ya kuma iya shirya malami ya ba da shaidar masani ba tare da an rikita shi da tambayoyi ba, ya fi amfani ga mawaƙi a kan ofishin da ya fi shi hawa uku a jerin.

Adalci ya sa a faɗi cewa masana'antar Hausa ba kullum ita ce wadda aka zalunta ba. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna yadda hanyoyin da aka shimfiɗa a Kano don kwafar finafinan Indiya da na Amurka su ne suka zama hanyoyin rarraba finafinan Hausa, waɗanda aka fara da Turmin Danya a 1990. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda ake aro labari da karin waƙa daga finafinan Indiya. Ga kuma sana'ar ɗora muryar Hausa a kan finafinan waje, wadda a doka sai da izinin mai fim. Muddin kasuwar tana cikin kaset da faifai a Arewa, babu wanda ya damu ya biyo sawu. Yanzu da kayan suka koma YouTube da manhajojin kallo, na'ura ce take gano sautin da aka ara, ta rufe bidiyo ko ta karkatar da kuɗin talla zuwa wani. Mai shirya fim na yau yana bukatar lauyan da zai hana shi shiga rigima tun kafin a kunna kyamara, ya tace masa labari da kiɗa, ya rubuta masa yarjejeniya da marubuci da mawaƙi da jarumai. Irin wannan aiki ba ya kai wa kotu, ba ya yin suna, don haka ba ya cikin manyan ayyukan da ofishi zai lissafa wa Landan.

Iyakar da Hausa ba ta sani ba

Kasuwar Hausa ba ta tsaya a Jibiya ko Maigatari ba, amma rajistar Abuja a nan take tsayawa. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, inda rajista guda take aiki a ƙasashe 17. Gana da Sudan suna cikin ARIPO mai hedkwata a Harare. Nijeriya ba ta cikin ko ɗaya. Ɗan kasuwar Kano da ya yi wa alamar shayinsa ko atamfarsa rajista a gida ba shi da kariyar rajista a Maraɗi ko Damagaram, wani yana iya riga shi zuwa Yawunde da sunan nasa. A nan ofisoshin Afirka ta Kudu da manyan na Legas suna da fifiko na gaske, domin suna da wakilai a waɗannan wurare. Tambayar da ta dace a yi wa kowane ofishi ita ce ko ya taɓa bin alama har ta fito daga OAPI, da kuma wanda zai tsaya masa a kotun Yamai ko Maraɗi, inda shari'a take tafiya da Faransanci bisa tsarin da aka gada daga Faransa.

Kilishi ya nuna abin da ake iya rasawa. Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista a OAPI a matsayin kayan da sunansu yake ɗaure da yankin da suka fito, a lokacin da Nijeriya ba ta da wata doka ta musamman a kan irin wannan kariya. Sana'a ɗaya ce, mutane ɗaya ne a ɓangarorin iyaka biyu, amma ɓangare ɗaya ne yake da takarda. Haƙƙin mallaka ya fi sauƙi ta wannan fuska, tunda ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar Berne, wadda ta wajabta wa kowace ƙasa ta kare aikin baƙo kamar na ɗan gida. Sai dai karɓo kuɗin waƙar da gidajen rediyon Nijar suke sakawa yana bukatar hulɗa da hukumar haƙƙin mawallafa ta can, BNDA, wannan kuma sai wanda ya san ƙofar.

Ana iya cewa duk wannan ba laifin kundayen ba ne, kuma gaskiya ne. An yi su ne don kamfanonin da suke neman wakili a ƙasar da ba su sani ba, suna kuma biya musu wannan bukata. Ana iya ƙarawa da cewa lauyoyi suna bin inda kuɗi yake, ranar da adabin Hausa ya fara biyan abin da kamfanin magani yake biya, ofisoshin za su koyi Hausa da gudu. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ya manta cewa rashin lauya yana cikin abin da ya hana kuɗin taruwa. Shari'ar ƙungiyar MCSN da kamfanin Multichoice, inda Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke diyyar kusan naira biliyan 5.9 a 2018, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar a 2020, ta nuna cewa haƙƙin kiɗa yana da tsada idan aka tara shi wuri ɗaya aka bi shi da haƙuri. Mawaƙi guda ba zai iya ɗaukar nauyin shari'ar shekaru ba, ƙungiya tana iyawa. Ƙa'idojin aikin lauya kuma sun halatta yarjejeniyar biyan lauya daga abin da aka samu a shari'ar da ba ta laifi ba. Ko ofishi yana karɓar irin wannan tsari, ko yana yarda ya wakilci ƙungiyar marubuta ko ta masu shirya fim a kan kuɗi guda na shekara, ma'auni ne da ya fi hawan jeri muhimmanci ga mai ƙaramin ƙarfi.

Haka nan kuskure ne a ɗauka cewa lauyan da yake zaune a Kano ko Kaduna, yana jin Hausa, ya wadatar don wannan kawai. Yawancin ofisoshin Arewa sun fi sabawa da shari'ar fili da zaɓe da laifuka da bashi. Jin Hausa ba ya koya wa mutum yadda ake neman umarnin kotu na shiga shago a ƙwace kayan sata kafin mai shagon ya farga, irin wanda ya samo suna daga shari'ar Anton Piller ta Ingila a 1976, ko yadda ake adana hujjar intanet ta hanyar da Dokar Shaida ta 2011 za ta karɓa, ko yadda ake amsa takardar ƙin yarda a YouTube, wadda take tafiya bisa dokar Amurka ta 1998. Abin da ake da shi a yanzu rabi biyu ne da ba su haɗu ba: ƙwarewar fanni a Legas, sanin harshe da al'ada da gado a Arewa. Mafi kusa da mafita ga mai ƙara a yau shi ne ofisoshi biyu su yi aiki tare, na gida ya riƙe hujja da magada da zaman kotu a Kano, na fanni ya tsara dabarun shari'a. Ofishin da ya ƙi irin wannan haɗin gwiwa don ganin girmansa ya rage wa kansa maki.

Sassan Hausa na jami'o'i suna da hannu a cikin wannan, ko sun so ko ba su so ba. Su ne suke riƙe da kaset-kaset da rubuce-rubucen da za su zama hujja, wasu ma an ɗauko su daga bakin mawaƙa ba tare da wata takardar izini ba, abin da zai zama tambaya ranar da aka ce za a ɗora rumbun a intanet. Su ne kuma ya kamata su daidaita kalmomin fannin. Har yanzu “haƙƙin mallaka” yana ɗaukar ma'anar haƙƙin mawallafi, da alamar kasuwanci, da takardar ƙirƙira, har da mallakar fili, “satar fasaha” kuma tana nufin kwafar faifai don sayarwa da kuma ɗaukar rubutun wani a sa suna, alhali a doka hukuncinsu ya sha bamban. Marubuciyar da aka miƙa wa yarjejeniya da Ingilishi, aka fassara mata da baki cewa ta “ba da” littafinta, ba ta da hanyar sanin ko aro ta bayar na shekara biyu ko sayarwa ta yi har bayan ranta da shekara 70. Samfurin yarjejeniya cikin Hausa da Ingilishi, wanda sashen Hausa da tsangayar shari'a na jami'a guda za su zauna su tsara, da jerin malaman da suka shirya ba da shaidar masani, da tambayoyin da ƙungiyoyin marubuta da MOPPAN za su riƙa yi wa duk ofishin da yake neman aikinsu, duk abubuwa ne da ba sa bukatar izinin kowa daga waje. A Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, masu koyar da Hausa da masu koyar da shari'a ma'aikatan jami'a ɗaya ne, a majalisar dattawa ɗaya suke zama.